Tsohon da Ya Ƙi Amsa Kira

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare Arnfinn ya daina jin yatsun ƙafarsa ta hagu. Ya ce su motsa, suka yi kunnen uwar shegu da shi.

Yana kwance cikin wani ramin dusar ƙanƙara a kafaɗar dutse, can sama inda ko ciyawa ba ta yarda ta tsira ba. Ƙarƙashinsa buzun barewa, a jikinsa rigar ulu biyu da ta ruwa. Shi ke nan. Da yamma, a bukkar masu hawan dutse, 'yarsa Oddrun ta bi shi har ƙofa da jakar barci mai kauri.

"Baba, ɗauki mana. An ce iska za ta juya."

"Ni? A cikin ƙanƙara aka yanke mini cibi. Ajiye wa 'yan birnin Oslo, ai ba daɗewa zan yi ba."

Haka muke, mu mutanen kwarin nan. Gara a tsince mu a sandare da a ji mun ce sanyi ya dame mu. Uwata ma taga take buɗewa a tsakiyar Janairu, wai iska magani ce. Arnfinn kuwa ya fi kowa wannan ciwo. Shekara arba'in ya yi yana sauko da 'yan birni daga dutsen nan, wani a goye wani a jaye, yana yi musu wa'azin tufafi har ƙasa. Yau ga mai wa'azi da 'yan riguna uku.

Kuma ba a inda aka san zai tsaya yake ba. Da ya isa wurin sai ya raina shi, ya ce wannan ai na yara ne. Ya ƙara gaba, ya haura bayan wani tsauni, bai gaya wa kowa ba. Iska ta juya kamar yadda aka faɗa, ta share sawunsa tas, ta toshe bakin ramin.

Duk dabarar da ya koya wa mutane ya yi ta. Ya cusa hannuwa a hammata. Ya dunƙule, gwiwa a haɓa. Ya tauna burodi da cuku da suka daskare har sai da muƙamuƙinsa ya gaji. Kofi ya ƙare tun tara da rabi. Akwai busasshen nama a aljihunsa, cikinsa na kuka, amma ko taɓa shi bai yi ba. Da haƙoransa suka fara kaf-kaf-kaf, sai ya cusa safar hannu a baki.

Oba-obar da ke ƙirjinsa ta yi ƙara. Gunvor ce, tsararsa, wadda ke jagorantar masu nemansa.

"Arnfinn, mun zo ba ka nan. In kana ji ka amsa. Sanyi ya wuce digiri ashirin ƙasa da sifili, ba da kai za a yi taurin kai yau ba."

Ya rage muryarta har ta koma kamar kukan sauro.

Can sai ya ji haushin kare, nesa, iska tana yayyaga shi. Hasken fitilar goshi ya gifta ta saman ramin, ƙanƙarar ta yi shuɗi, ta sake yin baƙi. Taku ashirin tsakaninsu, ko talatin. Tari ɗaya ya isa. Tarin ma ya taso masa, ya haɗiye shi da ƙyar, idanunsa na ruwa.

"Baba!"

Muryar Oddrun ce, a karye. Tun tana shekara bakwai rabon da ya ji ta haka. Tausayinta ya kama shi, kunya ta kama shi, ya zagi kansa da duk zagin da ya sani. Amma bai buɗe baki ba. Hasken ya yi gaba.

Sai rawar ɗarin ta tsaya. Wani ɗumi mai daɗi ya fara bin jikinsa, barci yana lallashinsa. Arnfinn ya san wannan ɗumin sarai, ya sha ganin inda yake kai mutane. A karo na farko a rayuwarsa tsoron dutsen nan ya shige shi. Ya lalubo oba-oba, ya ɗora babban yatsa a kan maɓalli. Ya dubi agogo: sha biyu saura kwata. Ya ɗauke yatsan.

Bai san iya lokacin da ya wuce ba, sai ya ji ƙarce-ƙarce a saman kansa. Ƙanƙara ta zubo masa a fuska, wani baƙin hanci ya leƙo, sai ga Tassa, karyar Oddrun, ta faɗo kansa tana haushi kamar za ta tsaga dutsen. Shebur suka biyo baya.

"Kana jin mu!" in ji Oddrun, tana naɗe shi da bargo tana kuka. "Kana ji ka yi mana shiru! Baba, so kake ka kashe ni?"

Leɓunansa suka ƙi haɗuwa. Da ƙyar ya ɗaga hannu ya nuna Gunvor.

"Ƙarfe… nawa?"

"Sha biyu saura tara," in ji Gunvor, ta ciro biro da haƙori ta rubuta. "Kai dai ka tsufa, hankali bai zo ba."

Yatsun ƙafa biyu likita ya yanke masa, kuma har yau in aka yi masa jaje sai ya ce araha ce. Sau biyu Tassa tana faɗuwa jarrabawar karnukan ceto, ta daren nan ce damarta ta ƙarshe, an ba ta zuwa sha biyu ta gano shi, kuma in mutumin da aka ɓoye mata ya yi ko tari ta faɗi, shi ya sa Arnfinn, da ya haƙa ramin da hannunsa ya shiga, ya riƙe bakinsa.