Karɓa da Hagu

Uwaisu ya kafa ƙafar dama a kan farin layin, ya miƙa hannun hagu, ya jira jifa. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Aikinsa ke nan tun yana saurayi: tsaron zangon farko a wasan besbol. Ka tsaya, ƙafa ɗaya a kan zango, ka cafe duk abin da abokan wasa suka wurgo, mai kyau da marar kyau. In ka cafe ba mai tafa maka, in ƙwallo ta suɓuce har mai sayar da gyaɗa sai ya san sunanka. Da haka ya ci tuwonsa a ƙananan kulob na Amurka, daga wannan ƙauye zuwa wancan, kafin ya biyo matarsa Saudatu Landan.

Marigayiya Innarsa ba ta taɓa yarda wannan sana'a ce ba. Ta sha buge masa hannu yana yaro don ya karɓi abu da hagu, sai ga shi ya girma ana biyansa don ya karɓa da hagun. "Rashin kunya da albashi," in ji ta.

Yau gwaji ne. Nanret, 'yar Filato, ita ke jifa, ita ke yanke hukunci. In ya cafe, a makon nan zai koma unguwarsu, Barking. In ya yar, sai ƙarin wata guda a zaune yana kallon wasu suna tafiya. Saudatu na tsaye a gefe ta ƙanƙame jakarta, zirga-zirgar zuwa wurinsa a jirgin ƙasa na layin District ta gama cinye mata ƙafafu.

Jifan farko ya bugi yatsunsa, ƙwallon ta gangara ƙasa. A na biyu, hannun dama ya yi wuf ya cafke tun kafin ya ankara.

"A'a, Malam Uwaisu, wannan cheating ne," in ji Nanret tana murmushi. "Hagu nake so."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ashe ladabin da Inna ta yi ta nema sai yau ya shige shi, ranar da ba shi da amfani.

Ya ɓoye hannun daman a bayansa. Ya tuna abin da ya sha gaya wa sababbin 'yan wasa: kada ka bi ƙwallo, bar ta ta same ka. Ta taso a hankali, ta sauka a tafinsa. Yatsun suka yi nauyi, suka yi gardama, sannan ɗaya bayan ɗaya suka rufe.

Saudatu ta juya fuskarta bango, kafaɗunta na girgiza.

Nanret, ma'aikaciyar asibitin, ta zare 'yar ƙwallon soson daga hannunsa, ta matso masa da keken marasa lafiya ya zauna. "Hajiya, ki gyara masa ɗaki, zan ce wa likita a yi discharge, a sallame shi," ta ce. Tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a asibitin nan, yau ne hannun hagun ya fara riƙe wani abu.