Yaɓe Bisa Yaɓe

To, zauna ka ji misali, tunda na ga ranka ya ɓaci don an yi maka gyara.

Wani manomi ne mai tattalin mahaifiyarsa kamar ƙwai. Ɗakin soro ya gina mata, rufin azara, kuma duk shekara kafin damina sai ya kwaɓa ƙasa ya hau ya ƙara wa rufin yaɓe, don kada ko ɗigo ya taɓa tsohuwa. Bai taɓa kankare na bara ba, sai dai ya ɗora sabo a kai. Yaɓe bisa yaɓe har rufin ya yi mugun kauri, shi kuwa gogan naka sai alfahari, wai duk unguwar babu ɗakin da ya kai na uwarsa ƙwari. Maƙwabcinsa magini ne. Rannan bayan an ɗauke ruwa maginin ya hau nasa rufin, sai ya hango ruwa kwance a tsakiyar rufin tsohuwa, ya ƙi bin indararo. Ya sauko ya sami manomi ya ce, "Maƙwabci, a rage wa ɗakin Inna kaya. Azara tana da iyakar abin da za ta ɗauka, ƙasa kuma in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake." Manomi ya yi godiya ta fatar baki, a ransa kuwa cewa ya yi, "Oho! Aiki ya yi wuya, shi ne za a rushe mini ɗaki lafiyayye a samu na cefane."

Ba a jima ba, wata safiya ya kai wa tsohuwa koko, ƙofa ta cije sai da ya sa kafaɗa. Yana shiga ya ga garin ƙasa a kan mayafinta. Ta ce ai ta kwana biyu tana jin rufin yana ƙara kamar ana karya kara, ta yi shiru ne don kada ta ɗora masa wahala. Da ya ɗaga kai sai ya ga azarar tsakiya ta lanƙwaso, daidai inda take ajiye kanta. Wallahi ya tsorata! Ashe da hannunsa, kuma don ƙauna, yake tara wa uwarsa abin da zai binne ta. Ya goya ta ya fitar, ya haɗiye kunya ya je ya yi wa magini sallama. Mutumin nan ko "ba na faɗa maka ba" bai ce ba. Gwafa ya ɗauko suka fara tokare rufin daga ciki, sannan suka hau ta kan bango suna kankarewa a hankali. Ƙasar da suka sauke sai da ta yi tudu a tsakar gida. Suka canja azarar da ta tsage, aka yi yaɓe mara kauri mai gangara zuwa indararo. Manomi ya miƙa ladan aiki, magini ya ture hannunsa ya ce Inna uwar kowa ce. Da aka sake yin ruwa, tsohuwa na ciki tana jan carbi, ɗanta na tsaye a zaure yana kallon ruwan yana zuba ta indararo, sai godiya yake wa Allah da maƙwabcin da ya zarga.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.