Abin da Kalangu Ya Faɗa a Djougou

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe suke.

Tun da kamiyo, babbar motar da ta kwaso su, ya bar unguwar Titirou ta Parakou, tsoho Mounkaila bai zauna daidai ba. Ya ɗora kalangu a cinya, ya mayar da shi hammata, ya sake saukewa. A bayansa yaran lakwal, wato 'yan makaranta, suna ta tafi da shewa, shi kuwa ko goro ya kasa taunawa.

Zamanin juyin juya hali ne, lokacin da kowa ya zama kamarad, har mai tallar gyaɗa. Kwamitin unguwa ya ce yabon masu rawani ya ƙare. Wani maroƙi a Tourou ya manta, ya yi wa wani basarake kirari a wurin suna, sai daga kaso aka je aka ɗauko shi.

Mounkaila a gidan Baƙo, Sarkin Pawan Djougou, ya tashi, shi ne makaɗinsa. Da Baƙo ya rasu, gida ya watse, 'ya'ya suka bazu, shi ma ya koma Parakou ya zauna ba mai kiransa. Madam Kadidjatou, shugabar lakwal, ita ta nemo shi, don yaranta sun kasa riƙe lissafi. Ya riƙa buga musu kalangu suna rera jadawalin sau a kai. Kafin damina ta wuce, har wanda ake yi wa dariya a aji yana kawo tara sau tara ba tuntuɓe. Abin da ya sa ke nan aka zaɓe su zuwa bikin kiɗan makarantu a Djougou.

Sai dai kalangu magana yake yi, Madam kuwa ba ta jin bakinsa. Kiɗan da yaran suka hau taken Baƙo ne, daga farko har ƙarshe: "Baƙo na Djougou, sa ya gan ka ya durƙusa." Hannun Mounkaila bai san wani ba. A Parakou ba wanda ya kula. Amma Djougou garin Baƙo ne, ko tsohuwa mai ƙosai za ta gane shi. Mutum ɗaya ya kai rahoto, an gama da tsoho.

Da aka tsaya shan ruwa a Sérou, ya tara yaran a gindin mangwaro, ya sauya musu kiɗa. Bakwai sau takwas ta zama sittin, wata yarinya ta fashe da kuka.

Madam ta taso da sauri. "Baba, mene ne haka? Yau za ka rikita min su?"

"Gyara nake, 'yata."

"Abin da bai ɓaci ba? Don Allah mayar musu da nasu. Kamarad Sufeto ne babban alƙali, an ce ko tari ka yi ba bisa tsari ba sai ya rubuta."

Sun tarar da Sufeton a filin biki, dogo, cikin kaki da baƙin gilashi. An ce daga Cotonou aka turo shi, Faransanci kaɗai yake yi, da tafinta a gefensa. Wata mai fura ta ce wa 'yar'uwarta, "Dubi idanun, sai ka ce fara." Gefen bakin Sufeto ya ɗan motsa, ya juya kai. Da aka kawo wa alƙalai tsire, ya ɗaga tsinke ɗaya, ya dubi yankan, ya mayar, ya zaɓi wani daga ƙasa.

Mounkaila ya kewaya bayan rumfa ya fi a ƙirga. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya. Ya yi tunanin huda fatar kalangun. Sai ya hango yaran a layi, an shafa musu mai, kowa ya zuba masa ido. Aka kira lakwal ɗin Titirou. Ya ce bisimilla, ya matse tsarkiya.

Yara suka ɗauka, murya ɗaya. Kalangu na yi, lissafi na zuba. Can gefen fili mahauta suka daina fifita wuta. Wani dattijo ya ajiye wuƙa ya dafe ƙirji. Mounkaila ya ga haka, gumi ya karyo masa, ya tsallake wani wuri a tsakiya don a gama da wuri.

Sufeto ya daina rubutu. Ya ajiye alƙalami. Ya miƙe tsaye a hankali, ya dunƙule hannun dama, ya ɗaga shi daidai kunne yana girgiza shi kaɗan-kaɗan.

Ganin babba ya ɗaga hannu, sai fili ya ɗauki kirarin juyin juya hali. "Ehuzu!" Aka amsa, "Dandan!" Madam ta rungume yara tana hawaye.

Ba a gama tafi ba wani soja ya dafa kafaɗar Mounkaila. "Tsoho, Kamarad Sufeto na kiranka. Kai kaɗai."

Ya miƙa wa Madam hularsa, ya ce ta kai wa iyalinsa in ta ji shiru. Ya bi soja zuwa bayan rumfa. Sufeto ya sallami soja, ya sallami tafinta. Ya duba dama, ya duba hagu. Sannan ya sunkuyo, cikin Hausar Zongo tsantsa ya ce:

"Baba Mounkaila, ka tsallake wurin wuƙar da ba ta kwana a kube. Shi mahaifina ya fi so."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, wanda ya ji ya kama bakinsa.