Peggy Tana Son Ganin Hanya

Clive ya zauna a ɗakin girkin Merle yana ta murza hularsa, har shayinsa ya huce. Dukansu sun haura shekara sittin.

"Merle, gonar nan ta yi mini faɗi ni kaɗai. Ki aure ni mana."

Ba ta dube shi ba. Idonta na kan Peggy, 'yar tsanar tsumma mai ido ɗaya da ke zaune a taga tana fuskantar tekun garin Fremantle. Da ita a hannu aka sauke Merle daga jirgin ruwa tana 'yar shekara shida, ba uwa ba uba. Ko 'ya'yan cikinta ba ta taɓa bari sun ɗauke ta ba.

"Kai da warin tumakin naka? Ni na gama ƙaura tun ina yarinya, Clive."

Ya gyaɗa kai, ya sa hula, ya fita.

Ya tada mota ke nan sai ta ƙwanƙwasa masa gilashi. Ta miƙo Peggy da hannu biyu.

"Riƙe ta a hankali, tsoho. A gaba za ta zauna, tana son ganin hanya. Bari in sako takalmina."