Majemin da Ya Daina Murmushi

Madam Sakina ta tsaya a kan dattijon da ya shigo ajin zanenta makon jiya, mai rawar hannun nan. Aiki ɗaya ta ba kowa: a sake fitar da "Majemin Birni", shahararren zanen Tahiru Guna, da ɗigon alƙalamin bik kawai, ba jan layi.

Na dattijon ya fi na kowa kyau. Sai dai majeminsa ba ya murmushi.

Ta ce, "Baba, mayar masa da murmushinsa, ko kuwa aikinka ba zai shiga baje kolin ajin nan ba."

"Ba zan mayar ba, Madam."

"Saboda zanen nan na baro Yamai na zo Damagaram. Ba a yi wa Tahiru Guna gyara."

Ya ci gaba da ɗiga tawada, bai ko ɗago kai ba.

"'Yata, ranar da na zana majemin nan, cikin warin fata ya yini, bai yi mini murmushi ba. Baturen da ya sayi zanen ne ya ce in sa. Layi ya gagare ni tun da ɓarin jikina ya shanye, amma ɗigo bai gagare ni ba. Yau na cire abina."