Maɗacin Badung

Malamar ajin manya ta rubuta kalmar Turanci a allo. "Dip. Wa ya san ma'anarta?"

Lai'atu ta ɗaga hannu. Tun rasuwar mijinta Badung take zuwa ajin nan na unguwar Nasarawa Gwom, don shirun gida ya ishe ta.

"Zurfi ne, Malama, irin na ramin kuza. Har da ciwon ƙirjin da ramin ke sa wa mutum."

"Ciwo kuma, Mama?"

"Maigidana a bakin Turawan kuza ya tsince ta. Shi ba mai magana ba ne. In ya dawo aiki sai ya zuba mini ido, ya dafe ƙirji, ya ce dip. Ni kuwa in tashi in dafa masa maɗaci."

Malama ta ajiye alli. "Mama, ana faɗinta ga ruwa, ga barci, ga tunani. Amma in namiji ya dubi matarsa ya dafe ƙirji, so yake nufi, wanda ya kai har can ciki."

Lai'atu ta sake duban kalmar a allo.

"Shekara da shekaru," ta ce a hankali. "Kuma bai taɓa rage ko kurɓi ɗaya ba."