Mangwaron Gwaggo Dije

Tun da aka fara wanke 'ya'yan itace da ruwan naman kaza, ba abin da ke ruɓewa a garin. Shi ya sa da Tanimu ya sayo mangwaron da Gwaggo Dije take kwaɗayi tana jinya, bai yi saurin kai mata ba. Kullum sai ya ce ai ba lalacewa zai yi ba.

Yau ya dawo daga jana'izarta, ya tarar da kwandon, ko ƙuda babu.

Matarsa ta ce, "Malam, a raba wa masu gaisuwa?"

Ya danna ɗaya da yatsa, bai sami inda ya yi laushi ba.

Ya ce, "Da irin na dā ne, da tuni warinsa ya kai ni wurinta."